Ruwan da Inna ta ba kamiyo

Ku ɗiyana, da ku jikokina masu iya karatu, akwai maganar da nake so in daidaita tun ina da sauran numfashi. Kun tashi kun tarar da babanku da ido guda, gefen fuskarshi na dama da wuyanshi har ƙirji fata ta tattare tana sheƙi, gemu ba ya fita a wurin. Kowa da abin da ya gaya muku. Wasu sun ce a yaƙin Nasara, wato na Turawa, ya samo shi, alhali bai taɓa riƙe bindiga ba. Wasu sun ce aljanin mota ne ya tofa mashi. Kwanan baya kuma na ji ɗaya daga cikinku, ba ni faɗin ko wane ne, yana dariya yana cewa tsoho bai san mota ba shi ya sa ta ƙone shi. Wannan ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Babanku ya san mota. Ya san abin da zai iya samunshi tun kafin ya miƙa hannu. Wadda ya hana ni magana saboda ita ta daɗe a ƙasa, shi ma ya bi ta, don haka ga yadda abin ya faru.

Shekarun nan ne da yaƙin Nasara bai daɗe da ƙarewa ba, man mota ya fara samuwa, motoci sunka sake fitowa hanya. Muna zaune Tama, mu uku da jinjira: ni, da babanku in yana gida, da mahaifiyarshi wadda duk muke ce ma Inna, sai yayarku, ɗiyata ta fari, tana kan nono, saura kaɗan a yaye ta. An taɓa kwasar babanku aikin hanya na dole wajen Madawa, can wani sofer, wato direba, mutumin Konni, ana ce mashi Garba, ya ga ƙarfinshi da natsuwarshi ya ɗauke shi aparanti, wato yaron mota. Kamiyo, babbar motar kaya ta wani attajiri, suke ja, suna kwasar gyaɗa da wake da fatu. Aikin babanku shi ne loda kaya, da murza ƙarfen tada mota, da sa guntun icce ƙarƙashin ƙafa in an tsaya kan hawa, da ba ta ruwa. A Tama kaf babu wanda ya taɓa sa hannu cikin cikin mota sai shi, kuma Inna ba ta gajiya da faɗin haka a bakin rijiya.

Ranar da kamiyo ta fara tsayawa ƙofar gidanmu, yara sun gudu, kaji sun watse, amma Inna ta fito da sandarta ta kewaye ta kamar mai tayin saniya. Ku sani, marigayi mijinta mai doki ne, kuma ita ce ta yi shekaru tana kula da abin shan dokin. Ta san ruwan da ake ba doki in ya dawo, da wanda ake ba shi in zai yi doguwar tafiya: ƙasari, da ɗan gari, da kanwa. Sai ta ga ɗanta ya hau gaban motar, ya kwance wani murfi a can sama bisa hancinta, yana ɗura mata ruwa.

"Kai, ashe tana sha?"

"Tana sha, Inna. Ta hi doki sha."

"To ta ina take hitsari?"

Sofer Garba ya yi dariya har hularshi ta faɗi. Babanku kuwa bai yi dariya ba. Ya ɗaga ƙarfen da ke rufe da cikinta, ya kira Inna ta matso. Ni ina bayan zana da taɓarya a hannu, na daina daka ina saurare, don ban taɓa jin yana magana mai tsawo haka ba.

"Kin ga wanga baƙin ƙarhe, Inna? Wuta ke ci cikinshi, kamar maƙera, ita ka tura ƙahwahu. In an bar shi haka nan, narkewa za shi yi. Shi ya sa anka yi mashi hanyoyi cikin jiki, ruwa na bi shina kwasar zahin. In ruwan ya yi zahi sai shi hau ta wanga bututu shi zo nan gaba. Duba nan, kamar saƙar zuma ko? Ƙananan hanyoyi na, sun hi karan tsintsiya siranta. Ruwan na gangarowa cikinsu, iskar hanya na bugunshi, ga hwanka kuma a baya tana jan iska. Kahin shi kai ƙasa ya huce, sai a sake tura shi cikin ƙarhen. Haka yake kewayawa, tun daga nan har Madawa."

Inna ta leƙa, ta gyaɗa kai, ta ce ashe dai rai gare ta. Ya ce mata ba rai ba ne, amma tana da sharuɗɗa. Ruwanta sai an tace, don ƙwayar yashi na iya toshe ƙananan hanyoyin. Kullum sai ya cire fara da ƙaiƙayi da sunka maƙale a saƙar zuman, ya latsa ɗamarar da ke juya fanka ya ji ko ta saki. In ta yi zafi ba a watsa mata ruwan sanyi, ƙarfen tsagewa yake kamar tukunyar da anka sauke daga wuta anka tsoma a randa. Sannan ya ɗora yatsa kan murfin nan ya ce wannan ba a buɗe shi in tana tafasa, ko uban wa ya ce a buɗe, sai an jira har mutum ya iya aza tafin hannu bisa ƙarfen ya bar shi. Ya ce ya ga wani a Konni da ya buɗe, fatar hannunshi ta saɓule kamar riga. Na ji wannan da kunnena, tun yayarku na lafiya lau tana rarrafe cikin ƙasa.

Da bazara ta yi tsanani, ciwon sanƙarau ya shigo gari. Gida kaza an yi rashi, gida kaza an yi rashi, har mutane sunka daina kuka da ƙarfi. Wata rana da hantsi yayarku ta ƙi nono. Jikinta ya ɗau zafi, in na taɓa kanta sai ta tsandara ihu, kafin la'asar wuyanta ya sandare, kai ya koma baya. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari irin ta lokacinmu ba. Ba ni faɗin sunanta, har yau ma kun san ban faɗi. Ba ni yi mata wasa gaban mutane, ba ni nuna na damu. Ta Inna ce, nono kawai ke nawa. Inna ta karɓe ta, ta shafa mata rubutu, ta turara mata abin da ta sani, tana kiranta ƙawata, ƙawata, tashi mu tahi kasuwa. Ni kuwa ina tsugune bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama, ba halin in tambaya ko da sauƙi.

Allah ya sa kamiyo ta shigo gari da yammacin ranar, za ta kwashi fatu ta koma Madawa. Babanku ya dubi yarinyar sau ɗaya ya ce akwai lokotoro, wato likita, a Madawa mai maganin wannan ciwon, in an kai mutum da wuri yana tashi, in an makara shi ke nan. Mutane na tsoron lokotoro a lokacin, ana cewa in ya karɓi mutum ba ya mayarwa. Na zaci Inna za ta hana. Sai ta dubi wuyan yarinyar, ta ce a tafi. Ita gwiwoyinta ba su hawa mota, kuma yarinya na bukatar nono, don haka ni zan riƙe ta.

Da gari ya waye kowa na gaggawa. Babanku zai tafi wajen lodin fatu, ya sauko da salka biyu da ke rataye gefen mota, ɗaya ta shan mutane, ɗaya ta mota. Ya miƙo mini ta mutane. Inna ta karɓe ɗayar daga hannunshi.

"Wagga ni ka cika ta. Tahi ka yi aikinka."

"A tace shi hwa, Inna."

"Kai za ka koya mini tata? Tahi."

Na dawo daga rijiya na tarar da ita bakin dutsen niƙa, hannunta fari fat, mataci na gefenta. Na ɗauka guzuri take haɗa mana. Hankalina ma ba ya wurin, yana ɗaka inda yayarku ke wani irin numfashi. Da anka gama lodi babanku ya saɓa salkar a kafaɗa, ya hau gaban mota, ya cusa bakinta cikin bakin motar ya kwance igiya. Da can a garwa yake juye ruwa ya duba kafin ya zuba, amma ranar ana sauri, kuma uwarshi ce ta tace. Motar ta sha tafiya jiya, tana kuma ɗan yoyo, sai ta shanye kusan salkar duka. Inna na tsaye tana kallo, tana motsa baki. Ta shafa gefen motar kamar yadda ake shafa wuyan doki, ta ce, "Ki kai mini ita."

Sofer Garba ya ji tausayina ya sa ni gaba kusa da shi, babanku ya maƙale a bakin ƙofa ta waje. Ban taɓa shiga mota ba. Ƙasa na gudu, itace na gudu, ni kuwa na rungume yarinya na kau da fuska waje kamar ɗiyar maƙwabta anka ba ni riƙo. Mun bar fadama da lambunan albasa, munka fara hawan dutse, inda hanya duk tsakuwa ce ja, motar na nishi. Can sai na ji wani ƙamshi. Na san shi, amma ba wurinshi ba ne. Ƙamshin da na kwana na tashi da shi lokacin jego, wanda Inna ke dama mini da safe tana tsaye kaina sai na shanye. Na duba dama da hagu, babu gida, babu hayaƙi, sai duwatsu da ƙaya. Na ce a raina ko irin ƙamshin da ake ji ne in mutuwa ta matso. Da ya yi yawa na kasa daurewa, na yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wa ke dama kunun kanwa cikin dajin ga?"

Garba ya shaƙi iska, ya dubi wata 'yar allura da ke cikin gilashi gabanshi, ya ce innalillahi. Ya karkata motar ta fuskanci inda iska ke fitowa, ya kashe ta. Da ƙarar ta mutu sai munka ji wata ƙara daga cikin hancinta. Ba irin tafasar ruwa ba ce, wata tafasa ce mai nauyi, fat, fat, irin ta tukunyar da ta yi kauri. Garba ya durƙusa ya leƙa wani siririn bututu da ke ƙasa, ya ce nan ya kamata tururi ya riƙa fita, ga shi ko ɗigo babu, ya toshe. Babanku ya zagaya gefen motar. Ya sauko da salkar mota, ya kwance, ya tsiyaya sauran a tafin hannunshi. Fari ne, kamar nono da anka sirka. Ya kai harshe. Na ga fuskarshi ta canza kamar wanda anka kawo ma labarin mutuwa.

"Mi na na?" in ji Garba.

"Gari na. Da kanwa."

"Gari? Garin mi? Wa ya zuba ma mota gari?"

"Abin da ake ba doki na, maigida, in za shi yi nisa."

Garba ya ɗora hannu biyu a ka ya kewaya motar yana salati. Ya ce shekarunshi nawa a hanya, ya ga an zuba ruwan tabki, ya ga an zuba na rijiya mai gishiri, bai taɓa jin an dama ma mota kunu ba. Ya buɗe baki zai zagi wanda ya yi, ya tuna ko wace ce, ya haɗiye. Sannan ya ce babu abin yi sai jira. Sai ta huce sarai, a kwance ta ta ƙasa a zubar, a wanke cikin da ruwa mai yawa, in Allah ya sa ƙananan hanyoyin ba su liƙe ba. Babanku ya tambaye shi zuwa yaushe. Ya dubi rana, wadda ko tsaka ba ta kai ba, ya ce sai ta karkata. Ya nuna babanku da yatsa, kuma bakinshi nake maimaitawa, ba nawa ba:

"Arzika, kada ka taɓa murhin nan. Ka ji ni? Bari in hau dutsen can in duba ko akwai rijiya kusa."

Ya tafi. Na sauko na zauna cikin 'yar inuwar motar da yarinya a cinya. Babanku na tsaye nesa kaɗan ya juya mana baya, don shi ma ɗiyar fari ce gare shi. Ban san tsawon zaman ba. Sai na ji jikinta ya ƙage a hannuna. Bayanta ya lanƙwashe kamar baka, ƙafafu sunka miƙe, idanu sunka juye sai fari, haƙoranta 'yan ƙanana sunka datse, kumfa na fita. Na girgiza ta, ba ta san ina yi ba. A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba kuma ban sake ba: na kira sunanta. Da ƙarfi na kira shi, har dutsen ya amsa.

Babanku ya juyo. Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi rana. Sai na ga ya tuɓe rigarshi yana ninkewa.

"Ja baya. Ruhe ta da zanenki."

"Ba ya ce kada a taɓa ba?"

"Kaɗan zan murza, tururin shi hita, ta yi saurin hucewa. Ja baya na ce."

Ya hau, ya aza rigar bisa murfin, ya kau da fuskarshi gefe iyakar yadda wuya ke juyawa, ya yi bisimilla. Ya murza kaɗan, ba abin da ya fito, don kunun ya liƙe bakin. Ya ƙara kaɗan. Ban ga lokacin da murfin ya bar hannunshi ba. Ƙara kawai na ji kamar an harba bindiga, sai ga abu fari-fari ya tashi sama ya fi tsayin mutum, ya dawo kanshi. Da ruwa ne da ya zuba ya wuce. Wannan kunu ne, ya manne. Ya faɗo ƙasa yana birgima cikin tsakuwa, yana kankarar fuskarshi da hannu, inda duk ya kankara fata na biyo yatsunshi. Wani irin kuka yake yi da ban san namiji na da shi ba. Ni kuwa na daskare. Ɗiya a sandare a hannuna, miji na birgima gabana, ko'ina na ƙamshin abincin mai jego.

Garba ya gangaro a guje yana faɗuwa yana tashi. Bai yi faɗa ba. Ya fizgo salkar ruwan shanmu, ya danne babanku da gwiwa, ya riƙe hannayenshi, ya shiga kwarara mashi ruwa a fuska da wuya a hankali, ba tsayawa. Babanku na ƙoƙarin ture shi.

"Bar ma mota, maigida! Bar ma mota!"

"Yi mini shiru! Wanga ko kurkure mata baki bai isa ba."

Na ce ko a shafa mashi ƙasa mai sanyi, haka na ga ana yi. Garba ya ce kada in kuskura, ba abin da zai taɓa wurin sai ruwa mai tsabta. Da salkar ta ƙare ya dube ni, ya ce ya hango raƙuma can gangare, inda raƙuma sunka taru akwai rijiya. Shi ba ya iya barin mutum cikin wannan hali, kuma ba ya barin motar mutane. Yayarku ta ɗan saki a lokacin, tana numfashi sama-sama. In na goya ta cikin wannan rana, zafin zai ƙarasa ta. In na bar ta, ban san abin da zan dawo in tarar ba. Babanku, ido a rufe, ya miƙo hannun da bai ƙone ba ya ce in ba shi ita. Na kwantar da ita a jikinshi ƙarƙashin mota, na ɗauki salka biyu wofi, na ruga.

Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi baƙon namiji ba, sai ga ni tsakiyar Buzaye masu shayar da raƙuma, ba takalmi, ƙafa duk jini, ina magana kamar mahaukaciya. Wani dattijo cikinsu, fuska a naɗe sai idanu, ya amsa mini da Hausa. Da ya ji mota ce ke son ruwa ya juya ma sauran da harshensu, sunka fashe da dariya. Sai ya sake dubana da kyau, dariyar ta tsaya. Bai ƙara tambaya ba. Sunka janye raƙumansu daga kwamin shan ruwa, sunka cika salkunansu da nawa, sunka aza ma jakai, munka hau.

Na tarar tana da rai. Abin da na fara dubawa ke nan, ban ji kunyar kowa ba.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Buɗewar da babanku ya yi ba ta rage mana jira ba ko kaɗan. Ƙarfen na nan da zafinshi, Garba ya ƙi zuba ruwan rijiya sai da ya aza tafin hannu bisa shi ya bar shi ya daɗe. Har ya kamo hannuna ya aza, ya ce in ji da kaina, kada in zaci mugunta yake yi. Sannan ya kwance wani abu a ƙasa, kunu ya fara fitowa guda-guda, jakan Buzaye sunka matso suna lasa. Na kwance kallabina na shimfiɗa a bakin motar, ana zuba ruwa ta cikinshi, yana fita ta ƙasa fari, a sake zubawa, ya fita da sauran fari-fari, har ya fara fita garau. Garba ya zura waya cikin siririn bututun nan ya zaƙulo abin da ya toshe shi. Duk wannan babanku na kwance da tsumma jiƙaƙƙe a fuska, leɓe ya kumbura, amma yana jin komai.

"A hankali ku zuba. Maigida, duba ɗamarar hwanka, kunu ya zuba kanta, santsi za ta yi. A goge saƙar zuman ta waje."

Dattijon nan ya samo murfin can cikin ƙaya. Wani ƙaƙƙarfa cikinsu Garba ya nuna ma yadda ake murza ƙarfe, ya murza, motar ta yi tari ta tashi, ya yar da ƙarfen ya ruga bayan jaki. Sunka ɗora babanku bisa fatu a baya, sunka bar mana salkunansu cike, ba su karɓi ko godiya ba. Daga nan tafiya munka yi kamar ta tsohuwa. In allurar nan ta fara hawa Garba ya tsaya, ya juya hancinta ga iska, mu jira. Kowace tsayawa ji nake kamar ana yankan naman jikina, amma ban ce a yi sauri ba. Na riga na ga sauri.

Rana ta yi ja munka shiga Madawa. Lokotoro ya karɓi yayarku, ya soka mata doguwar allura a gadon baya, anka riƙa ɗura mata wasu ƙwayoyi da anka niƙa. Kwanaki tana tsakanin nan da can. Wata safiya ina zaune sai na ji an ja mini zane, ta juyo da wuyanta da kanta tana neman nono. Kunnenta na hagu ne bai dawo ba, shi ya sa kuke ganin tana karkato kai in ana magana. Babanku kuwa idon dama ya tsiyaye. Attajiri ya ɗauki wani aparanti tun kafin a kwance mashi tsumma, bai sake hawa gaban mota ba, ya koma gona. Ranar da Garba ya zo duba shi, babanku ya sa munka matso, ni da Garba, ya ce mu yi mashi alkawari Inna ba za ta ji ba. Garba ya ce to in ba a faɗa mata ba, gobe ta sake dama ma wata motar fa? Babanku ya ce ba sauran motar da za ta tsaya ƙofar gidanmu.

Sai da ruwan fari ya sauka munka koma Tama, bisa jakan fatake. Inna na zaune ƙofar gida tana kaɗin zare. Da ta ga fuskar ɗanta mazarin ya faɗi daga hannunta, ta dafa bango, ta zame ƙasa tana salati. Ya durƙusa gabanta ya ce garaje ya yi, ya buɗe ta da zafi, abin da shi da kanshi ya ce ba a yi. Ta yi kuka, ta yi mashi faɗa kamar yaro, ta ce da bakinka ka gaya mini, da bakinka. Sannan na kwanto yayarku daga baya na miƙa mata. Ta karɓe ta, ta juya mata wuya dama da hagu, ta shinshina kanta, ta tusa fuska cikin cikinta tana kuka tana dariya. Can ta ɗago, ta share ido da gefen zane.

"Amma dai ta kai ku. Na san za ta kai ku. Garin da ya rage cikin gidan ga duka na zuba mata, da kanwar da nake ɓoyo tun ta marigayi. Na ce ba ta gajiya da ƙawata a hanya. Ta sha kuwa?"

Na kau da fuska. Babanku ya juyo mata da gefen fuskarshi mai ido.

"Ta sha, Inna. Ba ta rage ba."